Hannun Baba Mai Dagi

Litinin, 4 ga wata, 7:10 na safe

Baba Mai Dagi bai zo ba. Ƙarfe shida muka yi da shi a ƙofar sansanin 'yan gudun hijira, za mu duba rijiya ta bakwai. Shekara uku ina aiki da tsohon nan, kullum shi yake riga ni. In tarar da shi zaune a kan igiyarsa, ya tare ni da tsiya: "Kyaftin, soja ma yana makara?"

Yau minti arba'in muka yi a mota muna jiransa, ni da Saje direbana. Saje ya cinye burodinsa, ya haɗa da nawa, sannan ya ce wataƙila ciwon gwiwar ne ya tashi.

Litinin, 1:30 na rana

'Yarsa ta zo ofis, wadda take koyar da yara a tantin makaranta. Kowa Malama yake ce mata. Ta ce tun jiya da la'asar ya tafi tsohon ƙauyensu ɗauko wani dagi da ya ɓoye a can, bai dawo ba. An ga kekensa a jingine a gindin bishiya, da takalmi ƙafa ɗaya.

Na nuna mata kujera, ba ta zauna ba. Ta ajiye wata takarda a kan teburina, ta danne ta da kofin shayina, ta fita. Na san takardar. Dubu biyu muka buga, muka raba a kasuwa ranar Alhamis. Ban ɗaga kofin ba har aka tashi daga aiki.

Talata, 5 ga wata, 6:00 na yamma

Bari in rubuta abin bi da bi kamar rahoto, tunda shi na iya.

Aikina hulɗa da farar hula. Shekara goma sha huɗu ina soja, takwas ɗin farko da bindiga, sauran da littafi da biro. In motarmu ta take akuyar wani, ni ne. In za a buɗe ɗakin shan magani, ni ne. In dattawa sun yi fushi, ni zan je in cire takalmi in zauna har ƙafata ta yi tsami. Abokaina a bariki Kyaftin Tabarma suke ce mini, ban taɓa jin haushi ba.

Da mutane suka gudu daga ƙauyuka, mutanen bayan dutse suka binne nakiya a bakin wasu rijiyoyi. Haka kowa yake kiransu a nan, ba mai ambatar sunansu. Kusan duk rijiyar yankin nan Baba ne ya haƙa ta. Zai tsaya daga nesa ya dubi ƙasa ya ce, "Nan an taɓa." Masu kwance nakiya su tona, su samu. Rijiya shida muka buɗe a haka, ko kaza ba ta mutu ba.

Sharaɗi ɗaya ya gindaya mini: "Kada sunana ya shiga takarda, kada fuskata ta shiga." Na ce na yi alkawari.

To a wurinmu aikin da ba shi da hoto ba a yi shi ba. Ko tsintsiya ka raba, sai hoto. Oga Kanal, kwamandanmu, ya ce a buga takardar wayar da kai, mutane su san ruwa ya dawo. An ɗauki hoto a rijiya ta shida. An rufe fuskar da baƙin faci, yadda ƙa'ida ta ce. Suna babu. An bi ƙa'ida daga farko har ƙarshe.

Laraba, 6 ga wata, 8:20 na safe

Saje ne ya ɗaga kofin, zai wanke. Ya tsaya yana kallon takardar, bakinsa a buɗe, ya ce, "Oga, ka ga hannun?"

Na ce wane hannu.

Ya juyo mini ita. A hoton Baba yana nuna bakin rijiya da hannun dama. Yatsu uku ne. Biyun dutse ya datse su tun yana saurayi, a cikin wata rijiya.

Saje ya ce, "Oga, daga nan har bayan dutse ba wanda bai san hannun nan ba. Ai gara ma an bar fuskar an rufe shi."

Na yi masa tsawa ya tafi ya duba man mota. Ya duba shi tun da asuba, amma ya tafi.

Mu a soja da fuska da suna da lamba muke sanin mutum. Shekara uku ina gaisawa da hannun nan kowace safiya, har na daina ganinsa.

Alhamis, 7 ga wata, 4:45 na yamma

Ranar kasuwa. Mun bi rumfa rumfa muna karɓe takardun. Mai shago yana ƙunsa sukari da su. Mai sabulu ma haka. Ya ce takarda ce mai kyau, ba ta yagewa, ko akwai ƙari? Ɗari da goma sha uku muka samu. Sauran sun bi sukari da sabulu sun shiga duk inda ƙafa take zuwa.

Juma'a, 8 ga wata, 7:30 na yamma

Maman yara ta kira. Ta ce muryata ba daidai take ba, na ce layi ne. Ta ce Auta ta yi famfara, tana so in turo mata hotona ita ma ta turo nata. Na ce kyamarar wayata ta lalace.

Asabar, 9 ga wata, 11:00 na safe

Yana raye.

Akwai wata tsohuwa mai sayar da gishiri, tana tsallakawa bayan dutse ta dawo nan, kowa ya sani, kowa ya yi kamar bai sani ba. Ita ta aiko in same ta a bayan injin niƙa. Ta ce rijiyar mutanen bayan dutse ta rufta musu tun watan jiya, suna shan wuya. Sun sa shi haƙa musu sabuwa. Ranar Laraba ya fara.

Na ce, "Inna, in ruwa ya fito fa?"

Ta ɗaure bakin buhunta, ta ce, "Ɗan nan, ɗora mini." Na ɗora mata a ka, ta tafi.

Asabar, 3:15 na rana

Na tuna Baba ya taɓa ce mini ƙasar bayan dutse taurin kai gare ta kamar matarsa ta fari. Sai an yi kwana biyu ake haƙa zurfin gaba guda, wato kamar tsayin mutum, ruwa kuwa sai a gaba goma sha biyu. Kwana ashirin da huɗu ke nan.

Na shiga wurin Oga Kanal. Yana so ya tura sintiri. Na ce, "Yallaɓai, mutum yana cikin rami, su suna sama. Da sun ji ƙarar mota, dutse ɗaya ya ishe su." Ya daɗe yana kallon taswira, sannan ya ce ya ba ni sati uku. Ba mugun mutum ba ne. Har ya tambaye ni ko ina cin abinci.

Lahadi, 10 ga wata, 6:30 na safe

Gaba biyu.

Litinin, 11 ga wata, 10:00 na safe

Takardar yabo ta iso daga hedikwata. Sun ce takardarmu ta wayar da kai abin koyi ce, a tura musu ita sauran rundunoni su gani. Oga Kanal ya karanta a gaban kowa, aka yi tafi. Ya ce da wannan maganar zamana Manjo ta nuna. Saje bai yi tafi ba, wai yana riƙe da faranti.

Ban tura musu ba. Na ce kwamfuta ta sami matsala. Kayana duk lalacewa suke yi kwanan nan.

Talata, 12 ga wata, 5:20 na yamma

Na je tantin makaranta bayan an tashi yara. Malama tana goge allo, ba ta juyo ba.

Ta ce, "Wa ya ɗauki hoton?"

Na ce ofis ne.

Ta ce, "Ofis yana da hannu?"

Ni ne. Ni na ɗauka, da wayata. Ni na ce, "Baba, ɗan miƙa hannun ka nuna wurin, ya fi fitowa." Har sau uku na sa shi ya sake, saboda rana. Ni na manna facin, na matsa baya na duba, na ji daɗin aikina. Duk na faɗa mata haka, a tsaye, hula a hannu.

Sai a lokacin ta juyo. Ta ce ba haƙuri ta zo nema ba, ba kuma shi zai dawo da shi ba. Ta ce a wurin mutanen can, wanda ya taimaki soja da son ransa hukuncinsa ɗaya ne. Wanda aka tilasta kuwa akan sassauta masa.

"Jibi kasuwa. Kuna da lasifika. Ka fito ka ce dole ka yi masa. Ka ce bindiga ka ɗora masa. Duk abin da aka faɗa a kasuwa, kwana biyu ya isa can."

Na ce, "Malama, ni ko bindiga ba na ɗauka in zan shiga cikinku."

Ta ce, "Na sani. Shi ya sa in kai ka faɗa za a yarda."

Gaba uku.

Laraba, 13 ga wata, 12:00 na rana

Oga Kanal ya ce a'a.

"Kana so ka tsaya a kasuwa da kakin soja ka ce mun ɗora wa tsoho bindiga? Ƙaryar da suke yi mana shekara da shekaru, kai za ka tabbatar musu ita da bakinka? Gobe wa zai kawo mana labari? Wace mace za ta kawo ɗanta allura? Kai fa ka gina yardar nan, kai ka fi kowa sanin wuyarta."

Ba abin da ya faɗa da ba gaskiya ba. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Alhamis, 14 ga wata, 6:10 na yamma

Na je kasuwa. Lasifika tana bayan mota. Na yi sanarwar allurar yara, na yi ta ranar rabon gidan sauro, na kashe. Malama tana tsaye a rumfar mai albasa, ba ta sayi komai ba.

Na ce wa kaina akwai lokaci. Gaba huɗu ne kawai.

Asabar, 16 ga wata, 7:00 na safe

Gaba biyar.

Lahadi, 17 ga wata, 2:00 na rana

Shekara uku ba abin da nake roƙo kamar ruwa. Ina tsayawa a bakin rami kamar mai jiran haihuwa, da na ga guga ya fito da taɓo sai in ji kamar in taka rawa. Yau a karon farko na ji bakina yana cewa Allah Ya sa ƙasar ta yi tauri, Allah Ya sa su ci karo da falalen dutse, kada ruwan ya fito.

Kunya ta kama ni, amma ban janye ba.

Litinin, 18 ga wata, 9:40 na safe

Zaman dattawa kan rabon gonakin da aka share. Sun shimfiɗa mini tabarma kamar kullum, sun ba ni ruwa daga rijiya ta uku. Ba wanda ya ambaci Baba. Wurin da yake zama, kusa da turken tanti, an bar shi ba kowa, kuma tantin a cike yake har wasu suna waje.

Gaba shida. Rabi.

Laraba, 20 ga wata, 7:45 na yamma

Na gaya wa Maman yara komai. Ta bari na gama. Sannan ta ce, "Baban Auta, ni ba Manjo na aura ba. In ka dawo gidan nan da alhakin tsohon nan, ni zan zauna da kai, na kuma san halinka, ko ruwa ba za ka ƙara sha cikin daɗi ba."

Ta ce kuma in daina yi mata ƙaryar kyamara.

Alhamis, 21 ga wata, 3:30 na rana

Na yi.

Saje ya tsayar da mota tsakanin masu hatsi da masu tumaki, inda aka fi cika. Ya ce, "Oga, in kunna?" Na ce kunna. Na hau bayan mota na ce ni ne Kyaftin mai hulɗa da jama'a, kowa ya san ni. Na ce mai haƙar rijiyar da yake cikin hoton nan bai taimake mu da son ransa ba. Ya ƙi har sau uku, ni na ɗora masa bindiga a ƙeya, na ce in bai nuna ba zan kori iyalinsa daga sansani. Wannan na ƙarshen ni na ƙara, don abin ya zauna. Na maimaita sau biyu kamar yadda nake yi wa sanarwar allura.

Kasuwa ta yi tsit, sai kukan tumaki. Wata mata da na taɓa kai ɗanta asibiti a motata ta tofar da yawu a kan taya. Mai gishiri tana nan zaune, ta auna wa wani mudu, ta ɗaure buhu tun kasuwa ba ta watse ba.

Malama ba ta zo ba yau.

Juma'a, 22 ga wata, 10:15 na safe

Oga Kanal bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya miƙo mini takardar tuhuma, in amsa cikin kwana biyu. An cire ni daga ofis har a gama bincike, an mayar da ni sito. Maganar Manjo ba wanda ya tayar, ta mutu da kanta.

Da zan fita ya ce, "Kana ganin za su yarda?" Na ce ban sani ba, Yallaɓai. Ya ce sati ukun da ya ba ni yana nan.

Gaba takwas.

Litinin, 25 ga wata, 1:00 na rana

Bargo ɗari huɗu da shida. Bokiti casa'in, bakwai sun fashe. Aikina ke nan yanzu.

An turo wani Laftana ya riƙe ofis. Ya je zaman dattawa, Saje ne ya kai shi. Ya ce a tsaye suka yi maganar, ba a fito da tabarma ba. Allurar yara kuma mata goma sha ɗaya suka zo, a inda ake samun ɗari. Abin da Oga Kanal ya faɗa ya fara tabbata.

Gaba tara da rabi.

Laraba, 27 ga wata, 6:20 na safe

Mai gishiri ba ta dawo ba.

Alhamis, 28 ga wata, 6:00 na yamma

Goma sha ɗaya. Na ƙirga bokitan nan sau uku, har yanzu bakwai ne suka fashe.

Juma'a, 29 ga wata, 8:05 na safe

Saje ya shigo sito a guje ko gaisuwa babu. Masu zuwa itace sun tsince shi a bakin hanya. Yana tantin likita.

Juma'a, 5:00 na yamma

Ya rame, gemunsa duk jar ƙasa. Malama tana ba shi shayi a cokali. Da ta gan ni ta ɗan matsa gefe.

Na miƙa masa hannu kamar kullum, sai na tsaya. Hannun dama babu, daga wuyan hannu. Likita ya ce an yi kwana uku da yin abin, an ƙona wurin da wuta, shi ya sa jini bai ƙare ba.

Ya ba ni na hagu. Ya ce, "Kyaftin, an ce bindiga ka ɗora mini a ƙeya. Ni kuwa ban taɓa ganinka da ita ba. Ka ma iya harbi?"

Na ce, "Baba, na manta."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Na ce masa kullum ina ƙirga masa gaba, a lissafina saura rabi. Ya ce lissafina na banza ne, ƙasar ta yaudare shi. A gaba biyar ta jiƙe. Ya san da an ga taɓo a guga an gama da shi, sai ya riƙa liƙe idon ruwan da yumɓu, yana haƙar gefe yana aika musu busasshiyar ƙasa.

"Kwana bakwai ina tsaye a kan ruwa ina ce musu babu. Ƙafafuna har sun yi fari. Ranar da yumɓun ya ƙi riƙewa, ranar tsohuwar nan ta iso da labarin kasuwa. Suka yi ta gardama a kaina, ni ina ɗaure musu bakin rijiya. Aka tsaya a kan a ɗauki hannun da ya nuna, a bar sauran."

Kwana bakwai. Daga Alhamis ɗin da na kashe lasifika zuwa wadda na kunna. Malama ta dube ni. Ita ma ta iya lissafi.

Na buɗe baki zan yi magana, ya katse ni. Ya ɗaga dungun da ke cikin bandeji, ya juya shi a haske.

"Yanzu kana iya ɗaukar hotonka, Kyaftin. Ba wanda zai gane ni."

Ba da zafi ya faɗa ba. Na fita bayan tanti na zauna a kan wani bulo, na yi kukan da rabona da shi tun rasuwar mahaifina. Saje ya tsaya daga nesa yana korar mutane, wai ana feshin maganin sauro.

Asabar, 30 ga wata, 4:00 na yamma

Ya aiko in je. Ya ce rijiya ta bakwai fa? Idonsa yana nan, ba shi suka ɗauka ba. Na ce Baba, ka huta, ni ma an cire ni daga aikin, sito nake. Na ce kuma mutanen can za su ji.

Ya ce sun riga sun karɓi nasu. Ya ce mata suna yin tafiyar awa biyu da jarka, ni ina masa maganar sito.

"In masu kwance nakiya sun gama, dole in leƙa ciki in ga ko bango bai tsage ba. Igiya ce ba na iya ɗaurewa yanzu. Ka zo ka ɗaure mini. Ranar da likita ya sallame ni, ƙarfe shida."

Oga Kanal ya ba ni izinin safiya ɗaya. Bai tambaye ni hoto ba.

Litinin, 15 ga sabon wata, 5:35 na safe

Na bar wayata a ɗaki. Na iso ƙofar sansani saura minti ashirin da biyar shida, ina ganin yau dai na riga shi.

Yana zaune a kan igiyarsa.

"Kyaftin, soja ma yana makara?"

Mata suna wucewa da jarkoki, ba wadda ta gaishe ni. Na durƙusa a gabansu na fara warware igiyar, yana gaya mini yadda ake ƙullin.